Bindiga a hannun wa, alli a hannun wa?

Wata hira ce da muka yi a kasuwar Ɗan Kassari, bakin kwaltar da ta taso daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, ta sa na ɗauki alƙalami yau. Wani dattijo, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci har ya karɓi takardar shaida, ya dube ni ya ce: "Ɗana, ran da zaɓen shugaban ƙasa ya dawo, wanda ya ce zai bar ni in riƙe bindiga a gidana, shi zan jefa wa ƙuri'a." Na ce: "Baba, lakwal fa?" Ya ce: "Sai da rai ake karatu." A gaban jama'a ban ja da shi ba, don yaro ba ya gardama da babba a tsakiyar kasuwa. Amma maganar ta kwana a raina, ga kuma amsata.

Dattijon nan bai faɗi maganar banza ba. Ƙasar Arewa tana kan iyaka, dajin Sakkwato da na Kabi yana bayan gonakinmu, kuma wanda aka kore wa shanu cikin dare, ko aka ɗauke masa ɗa aka ce ya kawo kuɗin fansa, ba ya buƙatar wani ɗan birni ya koya masa ma'anar tsoro. Ba kuma ragonta ce ta sa shi neman makami ba. A cikin ƙasar Ɗan Kassari garin Lugu yake, inda mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Bule da Shanuwan da kwari da baka a watan Afrilu na 1899, lokacin da garuruwa da dama suka buɗe ƙofa don tsoro. Jarumtakar Arawa ba abin tambaya ba ce. Abin tambaya shi ne ko bindigar da za a raba wa ƙauyuka za ta kawo kwanciyar hankalin da ake nema.

Mu fara da zaɓen kansa. Tun bayan babban taron ƙasa na 1991, Nijar ta yi zaɓen shugaban ƙasa na jam'iyyu da yawa sau 7: a 1993, 1996, 1999, 2004, 2011, 2016, sannan na 2020 da aka kammala zagayensa na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021. A ɗaya gefen kuma soja sun karɓi mulki sau 5: a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Mu mutanen Arewa mun ga abin kusa da ido, domin Janar Ibrahim Bare Mainasara, ɗan asalin Dumega, da bindiga ya hau a watan Janairu na 1996, bindiga ce kuma ta kashe shi a filin jirgin sama na Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999. A watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Abdurahamane Tiani bisa wa'adin shekara 5. Wannan tazara, ko mutum yana sonta ko ba ya so, ta ba mu damar yin tunani ba tare da kiɗan kalangu da rabon atamfa ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Domin in za mu faɗa wa juna gaskiya, a waɗancan zaɓuka bakwai me muka tambayi ƴan takara? Mun tambayi yankin da mutum ya fito, mun tambayi wanda ya aiko da sukari da shayi, mun karɓi jika ɗaya ko biyu mun sa aljihu. Da wuya ka ji wanda ya tashi a wurin taro ya ce: ranka ya daɗe, aji nawa za ka gina, da wane kuɗi, cikin wace shekara?

To, batun bindiga. Ba sai mun yi gwaji da rayukanmu ba, maƙwabta sun riga sun yi. A jihar Zamfara ta Najeriya, ƙungiyoyin ƴan sa-kai sun tashi ne don kare dukiya daga ɓarayin shanu. Ba a daɗe ba suka fara kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, mai laifi da marar laifi, waɗanda aka zalunta kuwa suka shige daji suka nemo makaman da suka fi na ƴan sa-kai. A watan Yuni na 2022 gwamna Bello Matawalle ya kai ga cewa kowa ya nemi takardar izinin riƙe bindiga, shugaban rundunonin sojan Najeriya ya mayar masa da cewa gwamna ba shi da wannan iko. Zamfara ba ta zauna lafiya ba saboda wannan shela.

Na kusa da mu ya fi zafi. A Tangaza da Gudu ta jihar Sakkwato, waɗanda ke bayan iyakarmu, jama'a da kansu suka yi marhabin da wasu baƙi masu bindiga wajen 2017 da 2018 don su kore musu ɓarayi. Su ne aka sani daga baya da sunan Lakurawa. Da suka zauna da gindinsu sai suka fara karɓar dabbobi da sunan zakka, suna bulala, suna yanke hukunci, har a watan Janairu na 2025 kotu a Najeriya ta ayyana su ƴan ta'adda. An gudu daga ruwa an faɗa kogi. A cikin ƙasarmu ma, a farkon Nuwamba na 2021, magajin garin Banibangu ya jagoranci ƴan sintiri na ƙauyuka suka bi sawun mahara, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Maza ne masu zuciya, amma bindiga ba tare da horo da shugabanci na soja ba, ba ta cece su ba.

Akwai kuma abin da muka fi sani a Dallol Mauri: rigimar manomi da makiyayi duk kaka. Yau sanda da adda ake ɗauka, sarkin kanton ko mai gari ya shiga tsakani, a biya ɓarna, a watse. A Toda ta jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, irin wannan rigima ta ci mutum fiye da 100, galibinsu mata da yara. Mai karatu ya auna da kansa yadda kakarmu za ta zama idan kowane ɗaki da kowace ruga akwai kalashi a rataye.

Rabon bindiga aikin yini ɗaya ne, tattara ta aikin shekaru. Gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, an sa hannu kan sulhu da ƴan tawayen arewacin ƙasa ranar 24 ga Afrilu 1995, amma sai ranar 25 ga Satumba 2000 aka iya ƙona bindigogi sama da 1,200 a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Mutanen Amurka, inda bindigogin da ke hannun farar hula suka fi mutanen ƙasar yawa, kowace jiha da dokarta, duk zaɓen shugaban ƙasa sai sun sake wannan gardama. A watan Mayu na 2022 wani matashi ya harbe yara 19 da malamai 2 a wata makarantar Uvalde ta jihar Teksas, a 2024 kuma jihar Tenesi ta yi dokar da ta yarda wasu malamai su shiga aji da bindiga. Ƙasar da ta fi kowa arziki ke nan.

Ra'ayina shi ne makamin yaƙi ya zauna a hannun hukuma, ƙarƙashin doka. Amma wannan magana bashi ce a wuyan hukuma, ba kyauta ba. Wanda ya hana talaka riƙe bindiga dole ya kusanto masa da jandarma da soja, ya sa waya ta kama a ƙauyen kan iyaka, ya ɓoye sunan wanda ya kawo labari, ya kuma tabbata ɓarawon da aka kama ba a gan shi a kasuwa bayan mako guda ba. Idan aka kira da dare aka zo da hantsi, dattijon Ɗan Kassari ne zai yi gaskiya, ni in ji kunya. Bindigar toka ta mafarauci kuwa, a rubuta ta, a san mai ita, ba ita ce damuwarmu ba.

Saura lakwal, wadda Baba ya ce a bar ta sai an samu lafiya. Nan ne muka rabu da shi ƙwarai. Yaron da ke ɗauke da bindiga a daji ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan wani ne, wanda bai samu aji ba, bai samu sana'a ba, gonar ubansa ta yi wa ƴaƴa goma kaɗan, wani ya nuna masa babur da kuɗi. Masu ɗauke da makamai sun san haka, shi ya sa makaranta suke fara rufewa: a 2022 makarantu fiye da 800 ne ke rufe a Nijar saboda rashin tsaro, mafi yawansu a jihar Tilaberi. Ajin da aka rufe shekara biyu, ko an buɗe shi, ƴan matan sun yi aure, samarin sun tafi ci-rani.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998, a zamanin Bare aka yi ta. A watan Disamba na 2017 an fitar da dokar kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Amma a cikin rumfar kara yara 20 suka ƙone a unguwar Peyi-Ba ta Yamai a watan Afrilu na 2021, wasu fiye da 20 suka ƙone a Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar. A jarrabawar da aka yi wa malaman kwantiragi a 2017, kimanin ɗaya cikin uku ne ya kai matsakaicin maki. Ban ɗora wa mushe laifin duka ba: mutumin da aka ɗauka ba horo, aka jefa shi ƙauye mai nisa, albashinsa ɗan kaɗan kuma ba ya zuwa kan lokaci, me ake jira daga gare shi?

A yaƙin neman zaɓen 2020 Mohamed Bazoum ya sa makarantun kwana na ƴan mata a gaban alkawuransa, an kuma buɗe irinsu a wurare kamar Kelle ta jihar Damagaram. Ko me mutum ke gani game da mulkinsa, alkawarin ya taɓa wani ciwo na gaske. Yarinyar ƙauye da ta ci jarrabawar shiga kwaleji sai ta zauna gidan wani a gari, ta yi masa daka da ɗiban ruwa, uwayenta kuwa hankalinsu ba kwance ba, ƙarshenta su janye ta. Irin wannan alkawari ne ake iya ƙirgawa da yatsa, a ce an gina ko ba a gina ba. Kuɗin harsashi da kuɗin alli daga jaka ɗaya suke fitowa, don haka duk mai neman shugabanci da ya ce zai ƙara wannan ba tare da ya faɗi inda zai rage ba, bai gama magana ba.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, nan aikinku yake. Nijar ta fara gwajin koyar da yara cikin harshen gida tun 1973 a Damagaram, kundin 2025 kuma ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Ba sauran hujjar da za a kawo muku manufofin ɗan takara cikin Faransanci kaɗai. Ku nemi a rubuta muku da Hausa, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba a dandali da ƙofar masallaci, ku ajiye takardar cikin adaka. Ma'aikatan hukuma kuma, daga shugaban gunduma har sufeton makarantu, ku saki lissafi ga jama'a: aji nawa aka gina bana, malami nawa ya iso wurin aikinsa.

Da kasuwa ta watse na sake samun dattijon yana ɗaure buhun wake a kan amalanke. Na roƙe shi ya riƙe ɗan littafi, ya rubuta ajin ƙauyensu nawa ne na siminti nawa ne na kara, kwana nawa mushe ya zo a wata, awa nawa jami'an tsaro suka ɗauka ran da aka kira su. Ya ce littafi ba ya mayar da saniyar da aka sace, kuma maganar bindiga bai janye ta ba. Amma ya miƙa hannu ya karɓi biron da ke aljihuna, ya ce in na dawo bayan girbi in biyo ta gidansa mu duba lissafin tare.