Ra'ayinmu: Tsohon jirgin ƙarfe da yaran da ke tuƙa shi

A ƙasar Holan, inda ruwa ya ratsa kusan kowane gari, akwai wani ɗan jirgin ruwa na ƙarfe da ake kira Lelievlet. Wani maƙerin jirage mai suna Teunis Beenhakker ne ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1950, kuma har gobe da shi 'yan sikawut na ruwa na ƙasar suke koyon tuƙi. Tsawonsa mita 5.6, faɗinsa mita 1.8, yana ɗaukar yara shida. Ana ɗaga masa ƙyalle iska ta tura shi, ana kuma tuƙa shi da filafilai. In hanya ta matse, yaro ɗaya sai ya tsaya a baya ya sarrafa shi da filafili guda.

Masu sukar wannan jirgi suna da abin faɗa. Nauyi gare shi, ba ya gudu, ga tsatsa. Jiragen roba na zamani sun fi shi sauƙin ɗauka da sauƙin kulawa, yaro ɗaya ma ya isa ya tafi da su. Me zai sa a ɗora wa yara wahalar da fasaha ta riga ta ɗauke? Akwai kuma fargabar iyaye, wadda ba a banza take ba. Tun harkar sikawut tana jaririya a Ingila, ran 4 ga Agusta 1912, guguwa ta kifar da wani jirgin 'yan sikawut a kusa da Leysdown, yara tara suka rasu. Ruwa ba ya duba shekarun wanda ya hau shi.

Sai dai mu a ganinmu, wannan nauyi da ake kuka da shi, shi ne makarantar. Jirgin da yaro ɗaya ba zai iya ja ba, dole ya nemi 'yan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan yana riƙe da akalar tuƙi, wancan yana jan igiya, wani yana gaba yana duba hanya, kuma shugabansu ɗan'uwansu ne da bai girme su da yawa ba. In ɗaya ya yi sakaci, duka za su jiƙe. Da hunturu ya shigo kuwa, sai a fito da jirgin a kifa shi a rumfa, yara maza da mata su duƙufa suna kankare tsatsa, suna shafa fenti, hannu duk ya yi kaca-kaca. Yaron da ya sha wannan aiki ba sai an ce masa ya kula da jirgin ba. Ƙarfen kuma yana jure karo da gaɓa, abin da ba a raba ɗan koyo da shi, sannan akwai rufaffun akwatunan iska a gaba da baya don kada jirgin ya nutse ko da ya cika da ruwa.

Saboda haka muna tare da waɗanda suka riƙe tsohon jirginsu, amma da sharaɗi: kada yaro ya hau sai ya iya iyo, sai da rigar kariya, sai kuma da babba a kusa.

Wannan sharaɗi ne ya dawo da mu gida. Ba mu manta da hatsarin Bagwai a jihar Kano ba, a Nuwamban 2021, inda kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi, aka rasa rayuka fiye da 20. Ba jirgin Holan muke cewa a sayo ba. Muna da namu kwale-kwalen, muna da masunta da sarakunan ruwa daga Argungu zuwa Yawuri zuwa Tafkin Chadi, waɗanda suka san ruwa kamar tafin hannunsu. Abin da muka rasa shi ne tsarin da zai haɗa su da yaran makaranta. Muna kira ga ƙungiyar sikawut ta Najeriya da gwamnatocin jihohin da ke bakin ruwa su buɗe rassan ruwa, a fara da koya wa yara iyo da sanya rigar kariya kafin damina mai zuwa.