Ikko Tana da Masu Ita, Mu Daina Cewa Ba Ta Kowa Ba Ce

Akwai wata magana da ta shigo bakin samarinmu tun lokacin zaɓen 2023, har yau ta ƙi fita. Za ka ji ta a wurin mai shayi, za ka ji ta a majalisa bayan sallar isha'i, za ka gan ta a Facebook: wai Legas ba ta kowa ba ce, kowa baƙo ne, wanda ya fi ƙarfi shi ke da gari. Kwanan baya a wani ɗaurin aure nan Agege mun ji wani yaro, wanda a nan aka yanke masa cibiya, yana faɗin ta da ƙarfi, alhali maƙwabtanmu Yarabawa da suka zo taya mu murna suna zaune a benci na gaba. Ba su ce komai ba. Amma sun ji, kuma Hausa suke ji sarai.

Wannan magana ba tamu ba ce, aro muka yi, kuma aron banza ne. Ƙarya ce, sannan mu za ta fara cuta kafin kowa.

Mai son ya gane ƙaryar, ya tsaya ya dubi tambarin jihar, wanda ke jikin motocin gwamnati da takardun haraji da muke biya kullum ba mu taɓa ƙare masa kallo ba. A samansa akwai farar hula. Akwai ganyen akoko, wanda Yarabawa ke sa wa mutum ranar da za a naɗa shi sarauta. Akwai kuɗin wuri, akwai masunta a kan ruwa, akwai bishiyar kwakwa. A ƙasa an rubuta taken jihar da Turanci, ma'anarsa adalci da ci gaba. To farar hular nan ta wace ce? Ta sarakunan gargajiya ce na Ikko, cikinsu har da Idejo, waɗanda ke riƙe da ƙasa tun kafin Bature ya sauko daga jirgi. Su ne dai aka siffanta a mutum-mutumin nan na dattawa uku masu farar hula da aka kafa a 1991 don yi wa mai shigowa maraba. Garin da ba shi da mai shi, wa zai tsaya a ƙofarsa ya ce maka sannu da zuwa?

Kuma ba tatsuniya ba ce. A 1921 ɗaya daga cikin waɗannan sarakuna, Amodu Tijani, mai riƙe da sarautar Oluwa, ya kai gwamnatin mulkin mallaka ƙara har Landan kan filin Apapa da ta karɓe. Herbert Macaulay ne ya raka shi. Babbar kotun da ke yanke wa ƙasashen da Ingila ke mulka hukuncin ƙarshe ta ba shi gaskiya, ta ce ƙasar ta jama'arsa ce, sai an biya diyya. Ka ji fa. Turawan da suka yi wa garin ruwan igwa a 1851, suka kori Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye, suka sa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa gari a 1861, su da kansu sun yarda Ikko tana da masu ita. Sai kai, ɗan shekara ashirin da biyar, da waya a hannu, za ka zo ka soke abin da Bature ya kasa sokewa?

Yawancinmu in an ce Legas, abin da muke gani shi ne Agege, Oshodi, Mile 12, Idumota, sai cunkoson danfo. Jihar ta wuce nan, ko da yake ita ce mafi ƙanƙanta a duk Najeriya. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 4,000 ba, Jihar Neja za ta haɗiye irinta sau ashirin, kuma wani babban kaso nata ruwa ne. Doguwa ce siririya, kwance a bakin teku, daga Seme a kan iyakar Jamhuriyar Benin har gabas da Epe. Lokacin da aka ƙirƙire ta ranar 27 ga Mayu 1967, sassa biyar aka haɗa: Ikeja, Badagry, Ikorodu, tsibirin Ikko, da Epe. Kowane sashe da mutanensa. Awori su ne a Ikeja da Isheri da nan Agege da muke zaune. Ogu, waɗanda muka fi sani da Egun, su ne a Badagry, harshensu ma daban ne da Yarabanci. Ikorodu da Epe na Ijebu ne. Sarautar tsibirin kuwa tana da jijiya da ta kai har masarautar Bini. Ko sunan Legas ɗin ma Turawan Fotugal ne suka laƙaba, saboda tafkunan da suka tarar. Masu gari Eko suke cewa, mu kuma bakinmu ya mayar da shi Ikko, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka daga wurin wa kakanninmu suka fara jin sunan.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ai Legas ta yi zaman babban birnin tarayya daga 1914 har 1991 da aka koma Abuja, da kuɗin ƙasa aka gina tashar jiragen ruwa da gadoji, har da gadar nan ta uku mai kusan kilomita 12 da aka buɗe a 1990, kuma kuɗin gyaɗa da audugar Arewa na ciki. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Tsarin mulki ma ya ba kowane ɗan Najeriya damar ya zauna inda ya so, ya mallaki gida inda ya so. Wannan haƙƙinmu ne, ba alfarma ba, kuma duk wanda ya ce mu tattara mu koma garinmu za mu tsaya mu ba shi amsa. Amma samun haƙƙin zama a gida daban, cewa gidan ba shi da mai shi daban. Mu gwada abin a kanmu mana. A ce wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Kano, wanda kakansa ya zo tun zamanin jirgin ƙasa, yana biyan haraji, ya gina bene, ya tashi ya ce Kano ba ta kowa ba ce. Haba! Wa zai ji wannan a cikinmu ya yi shiru? Abin da ba za mu haɗiye a Kano ba, don me muke ɗura wa wani a Ikko?

Abin da ya fi ba mu takaici ma ba wannan ba ne. Mai cewa kowa baƙo ne, bai san yana zubar da abin da ke hannunsa ba. In kowa baƙo ne, to Bahaushen da gidansu ya shekara ɗari a Agege ɗaya yake da wanda ya diro daga tirela daren jiya. Mu kuwa ba jiya muka zo ba. A 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, yawancinsu bayi ne da suka kuɓuce daga hannun iyayengijinsu a nan Kudu, kuma daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Ba tarihi ne mai daɗi duka ba. Wasunmu da igiya a wuya suka iso bakin teku, wasu kuma bindigar Bature suka ɗauka aka ci garuruwan mutane da su. Amma namu ne, kuma a ƙasar nan ya faru. Obalende ta taso ne da zaman sojoji da 'yan sandan Hausawa. Nan Agege kuwa goro ne ya zaunar da kakanninmu. Manoman yankin suka dasa goro, layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fatake suka riƙa saye suna ɗaure huhu suna lodawa Arewa, zango ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki da limami da maƙabarta. Har yau irin goron da muke ci Yarabawa gbanja suke ce masa, wato Gwanja, inda fatakenmu suka fi saninsa.

Wannan ita ce hujjarmu in ana maganar wa ke da baki a garin nan, kuma hujja ce da ke tsayawa kawai in mun yarda akwai waɗanda suka karɓe mu. Filin zango wani ne ya ba da shi. Wanda ya ce ba mai gari, ya ce ke nan ba wanda ya ba kakansa komai, ba wata amana tsakani, sai ƙarfi. In kuwa aka koma ƙarfi, mun ga yadda take kaya. Waɗanda suka ga Idi-Araba a Fabrairun 2002 suna nan da ransu, a tambaye su. Waɗanda rumfunansu suka ƙone a Mile 12 a Maris 2016 suna nan. Ba masu rubutu a Facebook ke kwana a barikin soja da 'ya'yansu ba, mai tireda ne da mai tura baro da matar da ke tuyar ƙosai.

Akwai kuma ƙanwar waccan magana, wai mu ke ciyar da su. To, tumatir da albasa da shanun da ake yankawa a Oko-Oba daga Arewa suke, ba shakka. Amma da aka tare hanyar abinci a farkon 2021, a nan kaya sun yi tsada, can kuma tumatir ya ruɓe a hannun manomi. Ciniki ne, mai saye da mai sayarwa ba wanda ya yi wa wani sadaka.

Wani zai ce, to yanzu so kuke mu bi al'adunsu? A'a. Ba wanda ya ce ka bi dodannin Eyo, masu fararen kaya da dogon sanda, waɗanda ke fitowa a tsibiri don sallamar babban mutum da ya rasu. Mu Musulmi ne, kuma ɗimbin 'yan asalin Ikko ma Musulmi ne, masallacin Shitta-Bey tun 1894 yake tsaye. Amma ya kamata ɗanka ya san ranar Eyo ba a shiga tsakiyarsu da takalmi ko hula, don ya san ya kauce, kada ya je ya ja wa unguwa rigima saboda jahilci. Dattawanmu sun san wannan. Sun san gidan wane Baale ake zuwa gaisuwa, sun san yadda ake magana da masu ƙasa in rikicin fili ya taso. Yaranmu na yanzu sun fi iyayensu iya Yarabanci, wasu ma ya fi Hausa zama a bakinsu, amma ka tambaye su wa ke da Agege kafin zuwan goro, sai su yi maka zuru.

Laifin kuwa namu ne, mu iyaye da malamai da masu riƙe da ƙungiyoyi. Muna tara kuɗin mauludi da na gasar ƙwallo, amma ba mu taɓa cika mota ɗaya da 'yan Islamiyya mun kai su Badagry su ga inda aka riƙa loda bayi a jirgi ba, ko gidan tarihi na Onikan, wanda kuɗin danfo kawai zai ci. Tsofaffin da suka san wa ya fara sauka a zango, wa ya ba da filin masallaci, a wace shekara, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna gabansu da waya ya naɗi muryarsu. Muna kira ga fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai su ware samari uku ko huɗu su fara wannan aiki kafin azumi. Mujallar nan a shirye take ta buga duk abin da suka samo, fitowa bayan fitowa, da Hausa da Yarabanci, don maƙwabta ma su karanta.