Shukar Da Aka Hana Wa Garin Fure: Ina Ribar, Ina Hatsarin?

Tun watan Janairu na 2024 da gwamnatin tarayya ta yarda a sayar wa manoma masarar TELA, wadda masana suka sauya wa halitta, gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu har cewa suke yi an ƙirƙiro irin da ba ya haihuwa. Akwai wani abu mai kama da wannan magana a sana'ar iri, amma ba yadda ake faɗinsa a kasuwa ba, shi ya sa ya kamata mai karatu ya san asalinsa.

Kowa ya san iri ɗan aure ya fi bada amfani. Wahalar ita ce dawa da gero suna ɗauke da namiji da mace a kai ɗaya, sai shuka ta iya barbarar kanta. Mai son haɗa aure tilas ya hana uwar yin garin fure, don na uban da ya zaɓa kaɗai ya sauka a kanta. A masara ana iya bin gona ana cire furen saman kara da hannu, amma wa zai iya wannan a zangarniyar dawa?

Cikin 1954 masana a Amurka suka bayyana wata dawa da ba ta yin garin fure mai rai. Laifin yana cikin mitokondiriya, watau ƙananan murahun da ke ba kowace ƙwayar halitta ƙarfi, waɗanda shuka ke gada daga uwa. Idan aka aura mata uban da ke da maganin abin, 'ya'yan sukan yi fure su yi ƙwaya sosai. Da irin wannan uwa ake yin dawa 'yar aure, kamar Hageen Dura-1 da Gebisa Ejeta ya fitar a Sudan cikin 1983.

Cikin 1989 aka gano wani abin mamaki. Saƙon da ke fitowa daga DNA na mitokondiriya, wanda ake kira RNA, sai shuka ta yi masa gyara kafin ta yi aiki da shi, tana mai da harafin C ya koma U a ɗaruruwan wurare, kamar yadda edita ke gyara labari kafin a buga. Cikin 1993 masana a Bodo ta ƙasar Faransa suka ɗauki saƙon alkama wanda ba a gyara ba, mai suna atp9, suka sa wa taba. Sai ga wasu tsiron tabar sun kasa yin garin fure. Ke nan ɗan Adam zai iya kulle namijin shuka da hannunsa. Kafin wannan, cikin 1990, wani kamfani a Beljiyam ya fito da tasa hanyar: barnase ya kulle, barstar ya buɗe, dukansu daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa. Da ita Jami'ar Delhi ta yi irin mustad na DMH-11, wanda hukumar Indiya ta amince da shi cikin 2022, alƙalai biyu na Kotun Ƙolin ƙasar kuwa suka rabu a kansa cikin Yuli 2024.

To, a lura: uwar da ke gonar kamfani ce ba ta da garin fure, ba hatsin da manomi ya girba ba, balle wanda ya ci tuwonsa. Hatsarin yana wani waje. Cikin 1970 kimanin kashi 85 cikin ɗari na masarar Amurka daga uwa iri ɗaya ta fito, wadda ake kira ta Texas. Wata cutar ganye ta zo wadda wannan uwa ba ta iya jure mata, ƙasar ta yi asarar kimanin kashi 15 cikin ɗari na masararta a damina ɗaya. Amurka tana da rumbu. Mu kuwa fa?

Na biyu, ɗan aure ba ya riƙe kyansa idan aka sake shuka 'ya'yansa, ko an taɓa halittarsa ko ba a taɓa ba. Don haka manomi zai koma ga mai sayar da iri kowace shekara, kuma mai riƙe da uwa da uba shi ke yanka farashi.

Saboda haka tambayar da ya dace wakilanmu su yi ita ce: a hannun wa iyayen irin suke, kuma nawa ne? A ba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuɗin da za ta riƙe nata iyayen iri masu yawa dabam-dabam, a kuma adana farfara da ƙaura da sauran irin da kakanni suka bar mana. Ranar da cuta ta faɗa wa na kanti, su za a nema.