Ɗan daudun da ke littafinku, kun taɓa gaisawa da shi?

Kullum Alhaji ne. Gidansa na Abuja, motocinsa ba su ƙirguwa, kuma boka ne ya gindaya masa sharaɗin neman maza don dukiyarsa ta haɓaka. Yana da ɗan daudu mai kawo masa samari, mai karairaya da tafa hannu, wanda ba ya buɗe baki sai da habaici. In mace ce, to Hajiya ce mai zuwa Dubai, tana jan 'yan matan jami'a da sabuwar waya. A babin ƙarshe ciwo zai kwantar da su, wari ya kori 'yan jinya, tsutsotsi su fito, su mutu suna kuka. Sai marubuciya ta ce ta yi ne don faɗakarwa, ta ajiye lambar asusunta a ƙasa.

Na karanta wannan labarin ya fi sau goma a WhatsApp da Wattpad, sunaye kawai ake canzawa. Wani abin takaicin, shafukan da ake kwatanta baɗalar dalla-dalla su ne ake kullewa sai ka biya. Faɗakarwar kyauta ce, batsar ce ta kuɗi.

Kafin wani ya jawo mini aya, na san hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci, a allo na tashi kamar kowa. Fatawa ta malamai ce, ni ba ni da ilminta. Ƙarata a kan marubuta take: kuna rubuta mutanen da ba ku sani ba, kuna cike gurbin da ƙarya, kuna kiran ƙaryar wa'azi.

Ina yaro a Ƙofar 'Yandaka akwai wani mai tuwo a bakin tasha, ɗan daudu ne, kowa ya sani. Kafin kiran assalatu ya hura wuta. Direbobi su ci bashi, su tashi suna kwaikwayon maganarsa. Almajirai kuwa sun san ƙanzon tukunyarsa nasu ne, ba sai sun roƙa ba. Yana da mata da 'ya'ya uku a cikin gari, da kuɗin tuwon nan ya sa su makaranta. Ranar da babban ɗansa ya dawo da fasasshen leɓe saboda an zage shi da sana'ar ubansa, na ga mutumin nan ya ajiye muciya ya zauna kan benci, bai ce uffan ba har tuwo ya kama. Abin da yake yi in ya rufe ƙofa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Duk masu yi masa dariya ba wanda ya taɓa ganin komai da idonsa, mun dai yanke masa hukunci daga yadda yake ɗaura zane.

Ina wannan mutumin a littattafanmu? Ina ɗansa mai fasasshen leɓe? A fim ma haka abin yake. Tun zamanin marigayi Ibro, aikin ɗan daudu a Kannywood shi ne ya yi fari da ido a yi dariya a wuce.

Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990, ya koyi Hausarsu, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. A ciki za ka ga abin da duk wanda ya tashi kusa da tasha ya sani in zai faɗi gaskiya: daudanci daban, neman maza daban, ko da yake wani kan haɗa biyun; da yawansu magidanta ne masu iyali, suna sallah, suna tara kuɗin Hajji; kuma akwai masu neman maza da ko kusa ba su da alamar daudu. Mutum ya taso daga wata duniya ya zauna ya saurara, mu da muke sayen tuwonsu kullum muka ce ba sai mun saurara ba, ai mun san su.

To amma akwai wasu kuma da nake da magana da su, ƙannenmu masu karanta adabin Turanci. Su sun ɗauko wata ƙa'ida daga Amurka, wai ba mai ikon rubuta irin wannan tauraro sai wanda ya yi rayuwar da kansa. A can ɗin ma ƙa'idar ta ci mutane. Becky Albertalli ta fitar da littafi a 2015 kan wani saurayi mai son maza, aka yi ta caccakarta shekara da shekaru cewa tana cin abinci da rayuwar da ba tata ba, har a 2020 ta fito ta ce ita ma tana sha'awar maza da mata, kuma ba don ta shirya ba ta faɗa, matsin ne ya yi yawa. A ƙasar da doka ba ta kama ta ke nan. Mu nan fa? Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Jiharmu tana kan shari'a tun 2000. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta jihar Bauchi ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa. Duk wanda ya ce wa marubucin Katsina sai ya nuna shaidar ya yi kafin ya rubuta, to gaban alƙali yake tura shi. Ƙa'idar za ta rufe bakin wanda ya sani, ta tsorata mai adalci, ta bar fili ga masu tsutsotsi, don su dama ba su taɓa neman izinin kowa ba.

Ai da haka ake yi da ba mu samu Shaihu Umar ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a nan Kwalejin Katsina ya yi karatu, ba a taɓa sace shi aka ƙetara hamada da shi ba. Amma ya tashi lokacin da waɗanda suka ga bauta da idonsu suna raye, ya ji daga bakinsu, shi ya sa littafin da ya fito a 1934 har yau uwar Umar take sa mutum hawaye. Kunne ya yi masa aikin, da kuma ganin darajar mutanen da yake rubutawa.

Wannan kunnen nake nema. 'Yar'uwa marubuciya, ba na ce ki halatta komai ba, ki sa tauraronki ya tuba in haka labarin ya kai shi. Amma ki ba shi uwa, ki ba shi bashin da ke hana shi barci, ki bar shi ya yi alwala da asuba yana jin tsoron Allah da gaske. Ki rubuta matar da ta ga saƙo a wayar mijinta, mijin da take so yake kuma sonta, ta rasa wa za ta gaya wa: ta gaya wa uwarta gida ya watse, ta yi shiru ciwon ya cinye ta. Irin wannan matar tana nan a unguwanninmu, kuma ita ma da waya take kwana. Haka yaron nan ɗan shekara 17 da ke karanta littafinki cikin bargo, yana fama da abin da bai iya gaya wa ko malaminsa ba. Abin da kika tanadar masa shi ne boka da tsutsa, shi da bai taɓa ganin boka ba, bai taɓa zuwa Abuja ba. Zai gane ba ki san komai a kansa ba, daga nan kuwa ko nasihar kirki kika yi ba za ta shiga ba.

Mai tuwon nan ya rasu ina sakandare. A ƙofar gidansa aka yi masa sallah, sahu bai fi uku ba, mafi yawa almajirai ne da wasu direbobi. Bayan sadakar uku aka kawo wa babban ɗansa littafin bashin da ya bari, wani tsohon littafin makaranta duk ya sha manja. Ya buɗe, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wasu daga masu sunayen suna zaune a kan tabarmar. Ya rufe ya sa a aljihu, bai karanta wa kowa ba.