Ciwon sanyi ba daga fitsarin kare yake zuwa ba

A wannan mako za mu taɓo maganar da kunya ke hana mu yi a fada: cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa.

A Nijar an fara gano ciwon sida a 1987. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya nuna kashi 0,7 cikin ɗari na manya ke ɗauke da ƙwayar, na 2012 kuma 0,4. Sai dai raguwar sida ba ta kawar da ciwon sanyi da tunjere ba.

Har yanzu akwai masu cewa sanyi na kama wanda ya ƙetare fitsarin kare ko ya zauna bisa dutse mai zafi. Wannan camfi ne. Ƙwayar cuta ce ke wucewa daga jiki zuwa jiki lokacin saduwa. Namiji kan ji zafin fitsari ya ga mugunya cikin ƴan kwanaki, amma mace na iya ɗauke da ita wata da watanni ba alama, har ta toshe mata hanyar ƙwai. Daga nan sai dangi su ce juya ce, alhali maigida ne ya kawo tsarabar daga tafiya. Tunjere kuwa kan kashe ɗa a ciki, ko da yake allurar fenisilin na warkar da shi.

Ɗan kasuwa mai bin hanyar Kano ko Kotonu, da ma'aikacin da aka tura nesa da iyali, kowa ya san halin da yake ciki. In alama ta fito, kada a sayi tupaye biyu ko uku wajen masu tallar magani. Zafi zai lafa, ƙwayar kuwa ta saura, ta ƙara taurin kai. A tafi likita, a shanye maganin har ƙarshe, a kai uwargida da amarya su ma a duba su, in ba haka ba ciwon zai riƙa kewaya ɗakuna.

Kamun kai shi ne kan gaba. Wanda ya kasa, ga kwaroron roba a farmasi. Mace mai ciki ta je awo a gwada jininta. Mai sida da ke shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya shafa wa matarsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa.