Tsohuwar laptop ɗinka ba ta mutu ba, raina ta kawai ake yi

1/ Jiya a hostel wani ya kalli laptop ɗin abokina ya ce, "Wannan ai sai typing ɗin assignment." Aka kwashe da dariya. Yau yaron nan yana lissafin taɓa kuɗin rajistarsa ya sayi ta gaming. Shi ya sa na buɗe wannan zaren 🧵

2/ Wai wa ya ce muku sai da RAM 16GB ake jin daɗin game? Kamfanoni ne ke son kullum mu ji abin hannunmu ya tsufa, mu kuma muka hau kai muka zauna, har muna yi wa juna gori.

3/ Age of Empires II ta fito 1999. RAM 32MB take nema, MB fa, ba GB ba. A ciki har rundunar Salahuddin za ka jagoranta. Har yau ana gasarta a duniya. In ka iya, zo mu gwada.

4/ StarCraft ta 1998 ce. Ita ta haukata Koriya ta Kudu har ana nuna gasarta a talabijin. Tun 2017 Blizzard suka mayar da ta asalin kyauta. Ko sisi ba za ka biya ba.

5/ GTA San Andreas ta sauka a kwamfuta 2005, shekarar da Need for Speed Most Wanted ta fito. RAM 256MB ya tayar da kowacce. 'Yar Core i3 ɗinka ta gwanjo za ta ɗauke su ko gumi ba ta yi ba.

6/ Counter-Strike 1.6 kuwa ku haɗa kwamfutocinku a hotspot ɗaya ku fafata a ɗaki, ba data. Ga PES 6 ta 2006, wadda yayyenmu har gobe ke cewa ba a sake irinta ba.

7/ Na san za ku ce graphics. Gaskiya ne, fuskar CJ kamar an sassaƙa ta da gatari 😂 Amma bayan minti goma wa ke kallon fuska? Kai dai 'yan sanda na bin ka, zuciyarka na dukan uku-uku.

8/ Sannan ku yi lissafi. Wasu sabbin games sun haura 100GB. Da wace data? Da wace wuta? Kafin download ya kai rabi an ɗauke NEPA.

9/ Gargaɗi ɗaya: ku bar kwaso crack a kowane shafi. Virus ɗaya ya isa ya cinye project ɗinka na shekarar ƙarshe. Ku leƙa GOG ko Steam lokacin rangwame. OpenTTD ma kyauta ce gaba ɗaya.

10/ Mai hali ya sayi babbar na'ura, Allah ya sa albarka. Amma kar gorin wani ya sa ka ci bashi ko ka yi wa Baba ƙaryar kuɗin handout. Abokina, biya rajistarka. Anjima ka zo da cajarka, akwai Most Wanted.

Wacce na manta? Ku ajiye min a ƙasa 👇