Fitilar LED mai gam: Adon ɗaki da ke tafiya da fentin bango

A shagunan aski, ɗakunan samari da ɗakunan amare a Kano, Kaduna da sauran birane, igiyar fitilar LED mai sauya launi ta zama ruwan dare. Tana da araha, ba ta shan wuta sosai, kuma ba ta buƙatar mai gyaran lantarki: a ɓare takardar da ke bayanta, a manna a bango, a danna rimot.

Matsalar takan bayyana ne ranar da za a cire ta. Gam ɗin yakan taso da fenti, wani lokaci har da sikiridin da ke ƙarƙashinsa, ya bar dogon tabo zagaye da ɗaki. Idan gidan haya ne, daga nan rigima ke farawa tsakanin ɗan haya da mai gida.

Maganar gaskiya ita ce bai kamata a manna wannan fitila kai tsaye a jikin bango mai fenti ba. Duk wanda zai saye ta ya fara tunanin ranar cirewa kafin ranar mannawa.

Me ya sa fenti ke tashi?

Fenti siririn shafi ne da ke riƙe da jikin filasta. Idan ƙarfin da gam ya kama fenti ya fi ƙarfin da fenti ya kama bango, to fentin ne zai bi gam ɗin. Gam mai fuska biyu da ke bayan fitilar ya fi dacewa da wuri mai santsi da ƙwari, kamar gilashi, tayil, ƙarfe ko katako mai sheƙi.

Yawancin gidajen haya kuwa fentin ruwa ake shafa musu, sau da yawa an tsinka shi da ruwa fiye da kima, a kan bangon da ba a yi wa shafin farko ba. Irin wannan bango ko tafin hannu aka goga sai ya fito da farin gari.

Yanayi ma yana ƙara dagula lamarin. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga kuma ɗumin da fitilar kanta ke fitarwa. Zafi na sa gam ya yi laushi ya shige ƙananan ramukan fenti. Da damina danshi kan raunana fentin daga ciki, da hunturu kuma ƙura kan sa gam ya saki a wasu wurare, sai mai ɗaki ya ƙara masa sufa gulu, wanda shi ne mafi muni.

Sabon fenti ya fi shiga haɗari. Yakan bushe cikin 'yan sa'o'i, amma yana iya ɗaukar kusan wata guda kafin ya yi ƙwari sosai. Ɗakin amarya da aka yi wa fenti ana saura kwana uku jere, sannan aka zagaye shi da fitila, an riga an shirya masa ɓarna.

Lissafin asara

Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana da kewayen ƙafa 48, wato kusan mita 15. Fitilar galibi tana zuwa a naɗin mita 5, don haka naɗi uku ake buƙata. Faɗinta bai wuce santimita ɗaya ba, amma idan ta taso da fenti, tabon ya ratsa bango huɗu.

Ba a cika iya gyara shi da ɗan shafe ba, domin tsohon fenti ya riga ya koɗe, sabo ba zai saje da shi ba. Ƙarshe sai an cike, an goge, an sake fentin ɗakin gaba ɗaya. Kuɗin hakan ya ninka na fitilar, an je neman gira an rasa ido.

Hanyoyin da suka fi

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar bango ya huta. Ana iya manna fitilar a bayan talabijin, bayan allon gado, saman kabad, ƙarƙashin kanta ko jikin katakon labule. Masu silin POP suna da lungun da za a kwantar da ita ciki. Hasken da ya daki bango ya dawo ma ya fi daɗin kallo, ba ya kashe ido.

Idan dole sai a bango, akwai siririn kwararon alminiyom ko na roba da ake saka fitilar ciki, a ɗaure shi da 'yan sukurori. Na alminiyom yana ɗauke zafi, abin da ke ƙara wa fitilar kwana. Akwai kuma ƙananan maƙalai irin na wayar lantarki masu ƙusa.

Wasu za su ce ƙusa ma ɓarna ce. Haka ne, amma ƙananan ramuka kaɗan sun fi sauƙin cikewa a kan tabon mita 15.

Wasu kan fara shimfiɗa salatif ɗin masu fenti, sannan su manna fitilar a kansa. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, kamar biki ko Sallah, sai dai salatif mai araha idan ya daɗe cikin zafi yakan bushe ya kama bango shi ma. Kafin komai, a gwada ɗan guntu a bayan ƙofa, a bar shi kwana biyu, a cire a gani.

Ga wanda ya riga ya manna

Kada a fizge ta. A zare ta daga wuta, a ɗumama gam ɗin da na'urar busar da gashi, a riƙa ja a hankali, hannu na bin jikin bango maimakon janyowa waje. Zare mai ƙwari da aka zura tsakanin fitila da bango yana taimakawa wajen yanka gam ɗin.

Ragowar gam a murza shi da yatsa, ko a goge da ruwan ɗumi da sabulu. Fetur da tina suna narkar da fenti, ga haɗarin gobara.

Haƙƙi a kan kowa

Masu sayarwa a kasuwa suna tallar cewa fitilar tana kama ko'ina, ba sa faɗin abin da ke biyo baya. Ya kamata su riƙa ajiye maƙalai da kwararo kusa da ita, su yi wa mai saye bayani. Ciniki ne ma ya ƙaru.

Masu gidaje su ma ba su kuɓuta ba. Wanda ya shafa fenti marar inganci bai kamata ya ɗora wa ɗan haya duk laifin ba. Hana fitilar baki ɗaya kuma ba zai yi tasiri ba, tunda ba mai leƙa ɗakin kowa. Abin da ya fi shi ne a rubuta a takardar haya abin da aka yarda a kafa a bango, a kuma ɗauki hoton ɗakin ranar shiga.

Amma nauyi mafi girma yana kan wanda ya ɓare takardar gam. Gidan haya amana ce, kuma neman izinin mai gida a buga sukurori kaɗan ya fi arha a kan biyan mai fenti ranar tashi.